Tsohon Ofishin Di'o na Badagry: Ginin Mulki da Ya Koma Gidan Tarihi

Tsohon ofishin Di'o na Badagry gini ne na gwamnati da ke yankin Marina a garin Badagry, can yammacin Jihar Legas. Yana kusa da gaɓar ruwan da ya raba garin da tsibirin Gberefu, wanda Tekun Atlantika ke bayansa. Hukumomin jihar suna ba da 1863 a matsayin shekarar da aka gina shi, wato shekarar da sarakunan garin suka sa hannu a yarjejeniyar miƙa ƙasarsu ga Birtaniya. Daga wannan ofis ne Turawan mulki suka yi kusan shekara ɗari suna gudanar da shari'a da karɓar kuɗin fito da tsaron iyaka a yankin. Tun watan Agustan 2002 ginin ya koma gidan tarihi, inda ake nuna kayayyaki da hotuna da takardun da suka shafi cinikin bayi.

Mafi yawan masu ziyara sarƙoƙi da mari ne suke kai su wurin, kuma ba wuya baƙo ya fito da zaton cewa a cikin waɗannan ɗakuna aka tsare bayi. Ba a tsare su a nan ba. Lokacin da aka aza harsashin ginin, fitar da bayi ta gaɓar Badagry ya riga ya kai gargara. Abin da ginin ya shaida da kansa shi ne yadda iko ya fita daga zaurukan sarakunan gari ya koma kan tebur, hannun baƙo mai hatimi da littafin rajista. A wannan fanni ne darajarsa ta fi ƙarfi, kuma shi ne fannin da aka fi yin biris da shi.

Gari mai sarakuna takwas

Badagry tana da nisan kimanin kilomita 60 daga birnin Legas, kuma kimanin kilomita 20 ne tsakaninta da Seme, kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Mazaunanta na asali Ogu ne, waɗanda aka fi sani da Egun, tare da Yarabawan Awori. Tarihin baka yana kai kafuwar garin can ƙarni na 15, amma sunansa ya fara fitowa sosai a rubuce-rubuce ne a ƙarni na 18. A 1724 masarautar Dahomey ta ci Allada da yaƙi, a 1727 ta ci Wida, jama'a kuwa suka watse gabas ta bin gaɓar ruwa. Wani ɗan kasuwar Holan mai suna Hendrik Hertogh, wanda mutanen garin ke tunawa da shi da sunan Huntokonu, ya kafa wurin cinikinsa a Badagry a 1736, kuma zuwansa ya jawo jiragen Turawa.

Kowane rukuni na masu gudun hijira ya sauka da shugabansa, ya kafa unguwarsa. Ta haka garin ya zama mai unguwanni takwas, kowace da sarkinta: Akran a Jegba, Wawu a Ahovikoh, Possu a Posukoh, Mobee a Boekoh, Jengen a Awhanjigoh, da sauransu. Akran ne ake ɗauka babba, amma babu wanda yake da cikakken iko a kan saura. Kowane sarki yana da Turawan da yake hulɗa da su, har matafiyan ƙarni na 19 suka riƙa kiran sassan garin da sunan unguwar Ingila, unguwar Faransa da unguwar Fotugal. Shari'a a ƙofar sarki ake yin ta, ko a wurin tsafi, kuɗin fito kuwa wanda baƙo ya sauka a hannunsa shi ke karɓa. Babu wani gini guda da za a nuna a ce nan ne gwamnati. Wannan tsari ya buɗe garin ga kowane ɗan kasuwa, amma ya bar shi da rauni: a 1784 dakarun Dahomey suka faɗa masa suka rusa shi, sai daga baya ya farfaɗo.

Arzikin garin ya dogara ne ga hanyar da ta gangaro daga daular Oyo ta ƙasar Egbado zuwa teku. Ta wannan hanya ake kawo bayi, kuma ba Yarabawa kaɗai ba ne. Akwai Nufawa da Barebari da Hausawa, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙe ko aka sace a hanyar fatauci, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Tashoshin wannan gaɓa, wato Wida da Porto-Novo da Badagry da Legas, su ne suka fi cika jiragen da ke zuwa Bahia a ƙasar Burazil. A can ne Hausawa suka jagoranci yunƙurin boren bayi a 1807 da wasu da suka biyo baya, kafin babban boren Musulmin Bahia na watan Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. Don haka Bahaushen da ya tsaya a bakin ruwan Marina yana duban Gberefu, ba tarihin wasu yake kallo ba.

Akwai wata alaƙar kuma. Daga Badagry ne Hugh Clapperton ya tashi ranar 7 ga Disamba, 1825, a tafiyarsa ta biyu zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya bi ta tsohuwar Oyo da Busa da Kano, ya isa Sakkwato, inda ya rasu a watan Afrilun 1827. Tafintansa a wannan tafiya Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa suka raɗa wa William Pascoe. An kama shi yana saurayi, aka sayar da shi ta hanyar Gwanja har ya kai Wida, aka sa shi a jirgin bayi, sojojin ruwan Birtaniya suka ƙwace jirgin suka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgi. Rayuwar wannan mutum guda ta ƙunshi duk labarin da ake ƙoƙarin bayarwa a ɗakunan gidan tarihin. Bayan rasuwar Clapperton, baransa Richard Lander ya komo Badagry a ƙarshen 1827. Dillalan bayi 'yan Fotugal suka zarge shi da leƙen asiri, aka tilasta masa shan ruwan guba na rantsuwa a gaban jama'a. Ya sha, ya koma masauki ya amayar, ya tsira. A 1830 ya sake sauka a Badagry tare da ƙanensa John, da Abubakar ɗin nan, a tafiyar da suka bi kogin Kwara har inda ya faɗa teku.

Irin shari'ar da aka yi wa Lander ita ce ofishin Di'o ya zo ya maye gurbinta bayan shekara talatin da 'yan kai.

Yadda tuta ta hau

Birtaniya ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma cinikin bai tsaya a wannan gaɓa ba sai da Burazil ta rufe ƙofarta a 1850, Kyuba kuma ta biyo baya a shekarun 1860. A tsakanin nan manja ya fara maye gurbin mutum a matsayin hajar da Turawa ke nema. Masu wa'azin Kirista suka iso: Thomas Birch Freeman a watan Satumban 1842, Henry Townsend a watan Disambar shekarar. A 1845 aka kammala gidan mishan wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Mai karatun da ya san soraye da benayen ƙasa na Kano da Katsina da Zariya zai gane cewa abin da ake nufi shi ne bene na farko irin ginin Turawa.

Rikicin sarautar Legas ne ya jefa Badagry cikin wuta. A 1845 Kosoko ya kori Akitoye daga gadon sarauta, Akitoye ya samu mafaka a Badagry, garin kuwa ya rabu biyu. A watan Yunin 1851 faɗa ya ɓarke tsakanin magoya bayan Akitoye, ƙarƙashin wani basarake mai suna Mewu, da sarakunan da ke tare da Kosoko. Aka ƙone sashe mai yawa na garin, aka kori manyan sarakunansa, ba su komo ba sai a 1854 da taimakon ƙaramin jakadan Birtaniya, Benjamin Campbell. Daga nan wuyansu ya shiga hannun Turawa. A watan Disambar 1851 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Legas ruwan wuta suka mayar da Akitoye, a watan Maris na 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina cinikin bayi, ranar 6 ga Agusta, 1861 kuma Dosunmu ya miƙa Legas.

Sabuwar gwamnatin Legas ba ta da wata hanyar samun kuɗi in ban da fiton kayan da ake shigowa da su, musamman barasa da taba da bindigogi. Matsalarta ita ce ruwan da ya taso daga Legas ya ratsa Badagry ya kai Porto-Novo. Ɗan kasuwar da ba ya son biyan fito sai ya sauke kayansa a gaɓar Badagry, kwalekwale su kwashe su shiga da su ƙasar Yarabawa. A farkon 1863 kuma Faransa ta ƙulla yarjejeniyar kariya da sarkin Porto-Novo. Ganin za a yi musu shigar sauri, Turawan Legas suka matsa. Ranar 7 ga Yuli, 1863, John Hawley Glover, wanda ke riƙe da gwamnatin Legas a lokacin, ya karɓi sa hannun sarakunan Badagry a kan miƙa garin da ƙasarsa, a madadin kuɗin da za a riƙa biyansu duk shekara. Sarakunan da a da su ke karɓar fito suka koma masu jiran albashi daga wanda ya ƙwace fiton.

Ana yawan cewa yaƙi da bauta ne ya kawo Birtaniya Badagry. Akwai gaskiya a ciki idan ana maganar 1851 da 1852. Amma ginin 1863 kuɗin shiga da gasar Faransa ne suka haife shi.

A wannan shekara ta 1863 ne dai Glover ya kafa ƙaramar rundunar 'yan sanda masu makamai daga Hausawan da ke Legas, waɗanda yawancinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu na ƙasar Yarabawa. Ana kiransu Hausawan Glover, kuma daga gare su ne Rundunar Sojan Najeriya take lissafin asalinta. Da su aka riƙa tsare garuruwan da suka shiga ƙarƙashin Legas, har da Badagry. Abin mamaki ne a tarihi cewa jinsin mutanen da aka riƙa ratsawa da su ta wannan gari a ɗaure su ne suka dawo da kaki da bindiga suna gadin ofishin sabon mai mulki.

Abin da ake yi a cikinsa

Bayanan da ake bayarwa game da ginin sun ambaci Henry Pilkington a matsayin jami'in gunduma na farko da aka turo a 1865, da G. B. Ollivant a matsayin Bature na ƙarshe da ya riƙe ofishin har 1958. Sunan muƙamin ya yi ta sauyawa, daga kwamanda zuwa kwamishinan gunduma zuwa Di'o, amma aikin kusan guda ne, kuma ya fi abin da sunan ke nunawa faɗi.

Mulkin Badagry ya bambanta da wanda Arewa ta sani. A Kano ko Sakkwato, Bature ya tarar da sarki da alƙali da ma'aji da hakimai, sai ya tsaya a bayansu yana mulki ta hannun En'e. Badagry kuwa ƙasar da aka miƙa ce kai tsaye, ta zama mallakar sarautar Birtaniya, dokar Ingila ke aiki a cikinta. Saboda haka jami'in gunduma shi ne alƙali, musamman bayan dokar Kotun Ƙoli ta 1876 da ta bai wa kwamishinonin gunduma ikon shari'a. Shi ke lura da kwastan, shi ke riƙe da 'yan sanda da gidan yari, shi ke sauraron rikicin fili da na gado da na sarauta, shi ke aika rahoto a kan abin da Faransawa ke yi a ƙetaren ruwa. Mutumin da a da zai kai ƙara ƙofar Akran ko Wawu sai ya koyi sabuwar hanya: ya nemi mai rubuta masa takardar koke, ya nemi tafinta, ya tsaya a layi.

Batun bayi bai bar wannan ofis ba, sai dai ya sauya fuska. Bawan da ya gudo daga Porto-Novo ko ƙasar Egba ya taka ƙasar Birtaniya yana iya neman 'yanci, ubangidansa kuma ya biyo sawu yana neman a mayar masa da shi. Jami'an mulki sun sha shiga tsaka mai wuya tsakanin dokarsu da bukatar kada su ɓata da maƙwabtan da ke kawo manja, kuma ba kullum doka ke rinjaye ba. Bautar cikin gida ta ci gaba shekaru masu yawa a ƙarƙashin tutar da aka ce ta zo kawar da ita. A Arewa ma sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a doka.

Mutumin da rayuwarsa ta fi nuna wannan cakuɗa shi ne Seriki Williams Abass, wanda gidansa ke kan titin Marina, ba nisa da ofishin. Shi kansa an taɓa bautar da shi, daga baya ya zama babban ɗan kasuwa mai bayi, ya zama shugaban Musulmin garin, sannan Turawan mulki suka ɗauke shi suka ba shi babban matsayi a harkar gudanar da yankin har rasuwarsa a 1919. Laƙabinsa na Seriki daga kalmar sarki ta Hausa ya samo asali, kamar yadda Yarabawa Musulmi ke cewa Seriki Musulumi. Ɗakunan tsare bayi da ke gidansa suna cikin wuraren da ake kai baƙi a yau.

Wani abin da ya sa ofishin ya zama madubin tarihin mulkin Najeriya shi ne yawan sauyin inda yake kai rahoto. Da farko gwamnan Legas ne ubangidansa. Daga 1866 aka sa Legas ƙarƙashin gwamnan Saliyo, daga 1874 aka haɗa ta da Gwalkwas, wato Gana ta yau, sai a 1886 ta koma cin gashin kanta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 10 ga Agusta, 1889 ta shata iyaka tsakanin ƙasar Legas da ta Porto-Novo, ta raba Egun gida biyu, ta mayar da Badagry garin kan iyaka. A 1906 aka haɗa Legas da Kudancin Najeriya, a 1914 aka haɗa Kudu da Arewa. Tsarin mulkin 1951 ya sa yankin cikin Jihar Yamma mai hedikwata a Ibadan, kuma ko da aka cire birnin Legas a 1954 aka mai da shi na tarayya, Badagry ta ci gaba da zama a Yamma. Sai ranar 27 ga Mayu, 1967, da aka ƙirƙiro Jihar Legas, ta shiga cikinta, daga baya kuma ta zama ɗaya daga cikin sassanta biyar tare da Ikeja da Ikorodu da Legas da Epe. Gine-gine kaɗan ne a ƙasar nan suka ga dukkan waɗannan sauye-sauye suna tsaye a wuri guda.

Garin kansa bai ci ribar mulkin ba. Ciniki ya koma Legas, layin dogon da aka fara a 1896 ya nufi Ibadan ya zarce Kano bai waiwayi Badagry ba, hanyar mota mai kyau kuwa sai a shekarun 1970. Wannan koma-baya shi ne ya ceci tsofaffin gine-ginen Marina. Inda ƙasa ba ta da tsada, ba a gaggawar rushe tsohon gini.

Daga ofis zuwa gidan tarihi

A 1994 hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin bin sawun hanyoyin cinikin bayi a garin Wida, daga baya kuma ta keɓe ranar 23 ga Agusta ta kowace shekara domin tunawa da cinikin da soke shi. Tsibirin Gore na Sanagal ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya tun 1978, ganuwoyin gaɓar Gana kuma a 1979, kuma baƙaƙen fatar Amurka da Burazil da tsibiran Karibiyan suna tururuwa can neman tushensu. Najeriya, wadda gaɓarta ta fitar da bayi masu ɗimbin yawa, ta makara. A cikin wannan yanayi ne gwamnatin Jihar Legas, zamanin Gwamna Bola Tinubu, ta gyara tsohon ofishin ta buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2002.

An tsara ɗakunansa ne bisa matakan bauta: kamu, jigila ta ƙasa da ta ruwa, kayan ɗauri da azabtarwa, aikin gonakin rake da auduga, tawaye da hukuncinsa, har zuwa soke cinikin. Yana cikin jerin wuraren da ake zagayawa da baƙo a rana guda, tare da gidan mishan na 1845, da ɗakin kayan tarihin gidan sarautar Mobee, da gidan Seriki Abass, da kasuwar Vlekete, da gurbin itacen Agia wanda a ƙarƙashinsa aka fara wa'azin Kirista a 1842, wanda iska ta kayar a 1959. Daga nan a shiga kwalekwale zuwa Gberefu, a taka da ƙafa har bakin teku, wurin da ake kira inda ba a dawowa.

Mayar da ginin gidan tarihi dabara ce mai kyau, domin ginin da ba a amfani da shi ba ya daɗewa. Sai dai labarin bauta, saboda nauyinsa, ya danne labarin ginin kansa. Takardun da aka rubuta a cikinsa ba su ɓace ba. Fayilolin sashen Badagry suna ajiye a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, kuma masu bincike suna amfani da su. A cikin irin waɗannan fayiloli ne ake jin muryar masunci da manomin kwakwa da 'yar kasuwa, waɗanda ba su bar wani rubutu ba sai koken da suka kai gaban Di'o. Ginin yana Badagry, ƙwaƙwalwarsa tana Ibadan. Da za a kwafo ko kaɗan daga cikinsu, tare da yarjejeniyar 1863 da taswirar iyakar 1889, a keɓe musu ɗaki guda, da ɗan makarantar da ya zo ziyara ya fita ya san yadda kakanninsa suka zama 'yan Najeriya, 'yan'uwansu na hayin Seme kuma suka zama 'yan Benin.

Akwai masu ganin cewa ginin mulkin mallaka bai cancanci a kashe masa kuɗin jama'a ba, tunda alama ce ta ƙasƙanci. Hujja ce da ba za a raina ba, amma tana da amsa. Adana gini ba yabon wanda ya gina shi ba ne. Magina da leburorin da suka ɗora shi 'yan ƙasa ne, akawuna da masinjoji da tafintocin da suka tafiyar da shi 'yan ƙasa ne, waɗanda aka yi wa shari'a a cikinsa ma haka. Kuma aikin gwamnati irin na yau, da fayil da hatimi da rasit, a irin waɗannan ɗakuna ya fara. Ya dace da tarihi cewa Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata ta Ƙasa, ASCON, wadda aka kafa a 1973, a Topo take, cikin ƙasar Badagry.

Abin da ke barazana gare shi

Maƙiyin farko yanayi ne. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe da kwanon rufi, damina mai tsawo tana jiƙa bango daga ƙasa, gara kuma ba ta barin katako. Tsohon gini a irin wannan wuri kulawar kowace shekara yake bukata, irin yadda ake yi wa ginin ƙasa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Maƙiyi na biyu shi ne gyaran da ba a yi da sani ba. Idan aka cire tsohuwar taga aka sa ta alminiyom, aka shafe daɓe da tayil, aka lulluɓe bangon da da siminti, ginin zai yi ƙyalli amma shaidar da ke jikinsa ta tafi, kuma ba ta dawowa.

Doka tana nan a rubuce. Tun 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi, a 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, Jihar Legas kuma ta yi tata dokar kare keɓaɓɓun wurare a 2011. Amma abin da ya faru da Ilojo Bar ya nuna iyakar takarda. Wannan gini mai fasalin Burazil da ke dandalin Tinubu a tsibirin Legas yana cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1956, duk da haka aka wayi gari ranar 11 ga Satumba, 2016 an rushe shi. A Arewa, Zungeru, wadda ta zama hedikwatar mulkin Lugard daga 1902, kufai ne ya rage daga yawancin gine-ginenta, alhali Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano suna tsaye saboda an ba su aikin yi. Ofishin Badagry yana da sa'ar kasancewa mallakar gwamnati kuma ana shiga cikinsa kullum, abin da Ilojo Bar bai samu ba.

Barazana ta uku ita ce wadda ba a taɓa fuskanta ba: arziki. Ana faɗaɗa babbar hanyar Legas zuwa Badagry, akwai shirin gina tashar jiragen ruwa mai zurfi a yankin, birnin Legas kuma yana ta miƙowa yamma. Farashin fili a bakin ruwa zai tashi. Ko ba a taɓa ofishin kansa ba, dogayen gine-gine suna iya tare tsakaninsa da ruwa, a raba shi da sauran tsofaffin gidajen Marina waɗanda tare da su ne yake ba da ma'ana. Wuraren Najeriya biyu ne kacal a jerin UNESCO na wuraren tarihi na duniya, Sukur a Adamawa tun 1999 da dajin Osun na Osogbo tun 2005, kuma a irin wannan tantancewa ana duba ingancin wuri ne da kewayensa baki ɗaya, ba gini guda ba.

Aikin da aka gina ofishin dominsa kuwa har yau bai ƙare ba, wurin yinsa ne ya matsa gaba. A 1863 barasa da taba ake kewayowa da su ta ruwan Porto-Novo domin guje wa fiton Legas. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, musamman saboda shinkafa da man fetur, ba a sake buɗe Seme ba sai a watan Disambar 2020. Kwalekwalen da jami'an kwastan ke farauta da dare a yau, ruwan da ke gaban tsohon ofishin suke bi.